Kirarin Kaka a Kan Faƙo

Ranar wata Talata ce cikin watan Sha'aban, shekarar da fara ta sauka Adar, ina da shekara goma a duniya. Hantsi ya ɗaga, ni da kakata muna gonarmu ta gindin dutse. Ita tana tsinkar ganyen wake, ni kuma an ɗora ni kan wani tsohon kututture wai ina korar tsuntsaye, alhali rabin hankalina yana kan ƴan duwatsun carafkena. Gero ya yi ido, wasu zangarnun har sun fara ƙwari, kowa a garinmu yana cewa bana dai an sha. Sai na hango wani abu ja-ja ya taso daga arewa ya tokare sama. Na daka tsalle na ce hadari, don a lokacin duk abin da ya rufe rana hadari nake ce masa. Kaka ta miƙe, ta kare ido da tafin hannu, ta ƙura wa abin ido. Hadari ba ya ƙyalli haka, ba ya kuma ƙara kamar wuta ta kama kara. Kafin in sauko daga kututturen, fara ta farko ta faɗo mini a wuya da ƙafafunta masu kaushi, ta biyu a ka, daga nan ban ƙara iya buɗe ido sosai ba. Gonakin da ke kewaye da mu suka rikice da ihu. Wasu na kaɗa gwangwani, wasu na hura hayaƙi, wani dattijo can nesa ya rasa abin yi ya kama kiran salla ba lokacinta ba.

Kaka ba ta kaɗa komai ba. Mayafinta ta cire, ta ciji bakinsa, ta tsarge shi gida-gida. "Tonka, sheƙa gida!" ta ce da ni. "Duk tsumman da kinka gani ki kwaso, har da rigar ubanki." Tonka shi ne barkono a bakinmu, kuma sunan da ta laƙaba mini ke nan saboda zafin kaina, sunana na yanka Habsu. Na ruga na kwaso buhuna, zannuwan Inna, tsohuwar rigar Baba, har da jakar yadin da nake zuwa lakwal da ita, wato makarantar boko. Muka shiga tsakiyar geron, Kaka tana zaɓen zangarnun da suka fi ƙosawa, ta karkaɗe farar da ke kai, ni in naɗe da tsumma in ɗaure da kaba. Fara na shiga mana riga, tana cizon yatsu, ganye na ƙarewa muna gani. Ina kuka ina ɗauri. Can na ji muryar Kaka na tashi, na zaci ita ma kukan take, ashe ba shi ba ne. "Kai, Sarki! Dubi runduna!" take cewa. "Babu tambari, babu mai kora, kowace da hwihhikenta, kowace da bakinta, ba a mance ko guda ba. Girma naka na, Allah!" Na tsaya da igiya a hannu ina kallonta. A raina na ce shi ke nan, gero ya tafi, tsohuwa kuma ta taɓu.

Garinmu ɗan ƙauye ne tsakanin Garhanga da Keita, a jikin dutse, inda ƙasa ja ce kuma tsakuwa ta fi rairayi yawa. Mu huɗu ne a gidan a shekarar: Kaka Tsahara, mahaifiyar babana, da Inna, da ni, da ƙanena Sani mai shekara uku. Baba yana Abijan biɗa, wato ci-rani, kamar yawancin mazan Adar, kuma shekarar ba ta yi masa kyau ba, ko saƙon baki sai a daɗe ba a samu ba. Da yake ni ce ƴar fari, Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma wasa da ni, don haka a ɗakin Kaka na tashi, a tabarmarta nake kwana, bakinta na ɗauko. Kaka ƴar gidan Azna ce, masu bautar gargajiya. Ubanta ne ke yi wa gari yanka a gindin wata tsamiya kafin a fara shuka, sai da ta yi aure ta koyi salla. Fatiha da ƴan gajerun surori ta riƙe, su ma in Liman ya ji yadda take jan su sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Abin da ta iya tun tana yarinya shi ne kirari, don a gidansu ba a zuwa gaban babba da roƙo sai an fara faɗin ko shi wane ne. Da ta gane cewa babban guda ɗaya ne, sai ta kwashe kirarin nan kaf ta mai da shi gare Shi, da Hausarta, ba ta rage wa tsamiya ko kalma ba. Matan unguwa na tsokanarta wai maroƙiyar Allah. Wata ta taɓa kai ƙara gun Liman, ya ce a bar ta, shi dai bai taɓa jin ta faɗi abin da ba haka yake ba.

Kwana biyu fara ta yi ta tashi. Ta bar gonaki tsirara, kara a tsaye ba ganye, itatuwa kamar an yi musu aski. A gonarmu kuwa ga ƴan zangarnu sanye da tsummoki kala-kala, ɗaya da hannun rigar Baba, ɗaya da jakar lakwal, masu wucewa na dariyar da ba ta kai ciki ba. Da suka ƙarasa nuna muka yanke, Kaka ta shanya su a kan rufin ɗakinta, ta zauna gadi da sanda saboda kaji. Ta sussuke da hannunta, ba ta yarda an sa a turmi ba, ta gauraya da toka, ta zuba a wani ƙaramin tulu, ta liƙe bakin da laka, ta sa ni na shiga rumbu na ajiye shi a tsakiya. Rumbun da Baba ke shiga da tsani ya tsaya kan dami, ranar muryata ce ke amsa kuwwa a ciki. Irin gidanmu ne, gajeren gero mai saurin nuna da kakanni suka bari, ba a samun sa a kasuwa. Farar kuwa mun rama. Mun tafasa, mun shanya, mun soya da gishiri da tonka, mun ci har na tsani warinta. Sani kaɗai ne bai gaji ba, yana yawo da ƙafar fara a baki.

Bayan ƙaramar salla Kaka ta tara mu ta faɗi abin da ta yanke. A gonar gindin dutse, in an yi shuka ruwa ya ɗauke, sai a sake, wata shekara har sau uku, don ƙasar ba ta riƙe laima. Mai tulu ɗaya ba shi da sau uku. Iri namu dama ɗaya gare shi, saboda haka dole a kai shi inda ɗigon ruwa ba zai gudu ba. Akwai wani faƙo na gidanmu a kan tudu, fili mai tauri da santsi kamar daɓen ɗaki, wanda ko ciyawa ta yi fushi da shi, ruwan sama in ya sauka sai ya zarce ƙorama. Can Kaka ta ce za mu yi tassa. Tassa rami ne da ake fasawa a faƙo da rani, faɗinsa kamar ƙwaryar hura, a tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki a ciki a bar shi yana jiran damina. Mun sha ganin ana yi a garuruwan da ke kusa, amma aikin ƙarti ne masu tuwo a ciki. Inna ta dubi tsohuwa, ta dubi ni, ta dubi diga guda ɗaya da Baba ya bari a bayan ɗaki. Da yake Kaka ƙanwar mahaifinta ce kafin ta zama surukarta, Gwaggo take ce mata. "Gwaggo, da wane ƙarhi?" ta tambaya. Kaka ta ce da wanda ya rage.

Haka muka shiga rani. Da sassafe mu hau tudu, Inna da goyon Sani, ni da kwando, Kaka da diga a kafaɗa. In diga ta sauka a faƙon nan sai ta yi tsalle ta dawo, hannu ya yi zuu har kafaɗa. Inna ke fasawa, Kaka ta karɓa in ta gaji, ni in kwashe ƙasa da sakaina. Awakinmu an riga an kai su kasuwar Ibohaman ɗaya bayan ɗaya an sawo hatsi, don haka taki sai na bi inda Buzaye da Fulani suka yi zango, ina tsintar kashin awaki da na raƙuma kamar mai tsintar gujiya. In rana ta ɗan ɗaga sai in karkaɗe jiki in gangara lakwal. Ajinmu ya zama kamar bakin tsohuwa, benci nan da mutum, can ba kowa, don gidaje da yawa sun kulle sun yi kudu. Filin da muke langa da ƴar gala-gala ya yi tsit, in an fito hutu kowa sai ya nemi inuwar bango ya zauna. Mushe, malaminmu, da kansa ya daina ɗaga bulala, in ya ga mai gyangyaɗi sai ya kau da kai. Da yamma in koma tudu, tun daga nesa nake jin muryar Kaka. Kowace sara da kalmarta. Ta ɗaga diga: "Mai rataye ruwa bisa babu igiya!" Ta sauke. Ta ɗaga: "Mai cida tsutsa cikin dutsi!" Ta sauke. "Babba da ba a kewaya shi! Wanda bai kwana, bai gajiya, bai tahiya biɗa!" Ba ta da tasbaha, ba ta kuma ƙirga ramukan. Wata rana ta kira ni ta nuna mini gara ta shiga takin da muka zuba tana huda ƙasan ramin. Na ce ga ɓarna, ta ce ga ma'aikata. Garar da ke cin tabarmarmu a gida, ita aka turo ta buɗe wa ruwa hanya a nan, kuma ba mu muka kira ta ba. Kaka ta yini tana jinjina wannan abu, ni kuwa cikina ne ke kirarinsa daban.

Da bazara ta kama, hatsin awaki ya ƙare. Muka koma ga anza, ɗan itacen nan na kan dutse mai ƴaƴa masu ɗacin tsiya. Sai an ɓare, a jiƙa kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ya ciwu, ruwan ma sai an yi layi a rijiya tun da duhu-duhu. Muka ci ganyen jiga, muka ci dusa, in an samu ɗan garin rogo ranar salla ce. Kaka ta ce ta ɗauki azumin Litinin da Alhamis, amma na lura Litinin ɗinta ba ta ƙarewa, kuma rabonta kullum a gaban Sani yake sauka. Duk da haka yaron ya lalace. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, ya daina kuka, wanda ya fi kukan tayar da hankali. Cikinsa ya ƙi anza, abin da aka ba shi sai ya dawo. Wata rana da azahar Inna ta ajiye shi a tabarma, ta je ta tsaya a bakin rumbu da taɓarya a hannu. Ban taɓa jin ta ɗaga wa Kaka murya ba sai ranar. "Gwaggo, hatsi na cikin tulu, ɗana na mutuwa. Wa za ya ci geron baɗi?" Ni ina bayan Inna ɗari bisa ɗari, na riga na shirya abin da zan faɗa in tsohuwa ta ƙi. Kaka ta dubi Sani. Sai ta ce a aje taɓarya kada a fasa mata tulu, ta sa ni na shiga na ɗauko. Da hannunta ta ɓamɓare lakar, ta juye rabi a faifai, ta mai da sauran ta sake liƙewa. "Wanga na yau na, wanga na gobe," in ji ta. "Duka biyu nashi na, amana anka ba mu." Inna ta wanke tokar, ta daka, ta dama kunu. Kunun nan ne ya riƙe Sani har ya samu ƙarfin da aka ɗora shi a amalanke zuwa likita a Keita, inda suka kwana biyu ana ba shi abincin yara.

Washegarin tafiyarsu, Kaka ta ɗauki diga ta nufi tudu kamar ba abin da ya faru. Nan ne tonka ta yi halinta. Ramukan da muka riga muka fasa sun fi ƙarfin rabin tulu, ga shi tana ƙara wasu, ga kirari na tashi. Na yi jifa da sakaina na ce ba zan ƙara kwashe ƙasa ba. Na ce ramin da ba iri na mene ne, kabari muke gina ko me? Na ce Shi ya turo fara, Shi ya hana Baba samu, Shi ya kwantar da Sani, ita kuma ta zo tana ta zuba masa kirari kamar ya cika mana rumbu. Na faɗi duka, ina jiran mari. Kaka ta dogara da ƙotar diga tana mai da numfashi. "Ke, Tonka, in anka ba ki hura ki yaba, in anka hana ki ki zagi, to ba mai gida kika so ba, hura kika so," ta ce. "Ni ban yabo nai don shi ba ni. Ranar da rumbu yac cika babba na, yau ma bai rage ba. In na tsaya kallon yunwag ga, sai ta hi dutsin ga girma, ban iya ko tashi. In na tuna girma nai, sai ta koma daidai ni, sai in iya ɗaukar diga. Ɗauki sakainarki." Ban gamsu ba, gaskiya, haushi ma ya ƙara kama ni. Amma na ɗauki sakainar, don ba zan iya kallon tsohuwa tana fasawa tana kwashewa ita kaɗai ba.

Inna ta dawo da Sani yana iya zama da kansa, Kaka kuwa ta kwanta. Ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, daga tabarma sai bakin ƙofa. Ruwan fari ya sauka da la'asar, ba mai yawa ba, amma ƙamshin ƙasa ya ruɗa gari, duk mai ɗan iri na taimako ko na aro ya kwana da shirin shuka. Da safe Kaka ta aike ni tudu ta ce in tura hannu cikin rami in zo in nuna mata inda laima ta tsaya. Na je na tarar faƙo ya bushe ƙayau kamar ba a yi ruwa ba, amma kowane rami baƙi ƙirin da danshi. Na dawo na nuna mata har sama da wuyan hannu. Ta ce a buɗe tulu. Ni da Inna muka shuka, ba da yatsa biyar ba kamar yadda aka saba, da ɗan tsunkule, muna lallaɓa kowace ƙwaya, duk da haka iri ya ƙare ramuka da yawa na kallonmu baki buɗe. Tsiro ya fito kore shar. Sai sama ta ɗauke. Rana ta fito ta zauna, iska mai zafi ta yi ta busawa, aka fita roƙon ruwa aka dawo, shiru. Shukar gonakin rairayi ta ƙone, masu ita suka rungume hannu. Tamu ta tsaya, amma kullum da safe in na hau sai in ga ganyen ya ƙara naɗewa, kuma kullum Kaka na jiran labari a bakin ƙofa.

Akwai safiyar da na tarar layin farko ya mutu, na biyu ya kwanta, sauran sun naɗe kamar tsinke. Tulu babu komai, ba sauran dama. Na tsaya ni kaɗai a kan tudu, Adar duka a shimfiɗe gabana ja wur, sama fes ba ko gizagizai. Na so in yi ihu, na so in zauna a ƙasa in ƙi tashi. Sai na ga tarin tsohon kara da muka kwaso don rufe ramuka saboda rana, aikin da muka fara muka bari. Na sunkuya na ɗauki runguma ɗaya na shimfiɗa a rami, kawai sai na ji bakina ya ce, "Mai rataye ruwa bisa babu igiya." Na ɗauki ta biyu, ya ce, "Mai cida tsutsa cikin dutsi." Ba niyya na yi ba, kuma ba zan ce zuciyata ta yi sanyi ba, don hawaye nake har da majina. Amma ƙafata ta tsaya, hannuna ya ci gaba, ban sauka ba sai da na rufe rami na ƙarshe. Ruwa bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Na ci gaba da hawa ina gyara karan da iska ta kwashe, ina faɗin nata, in sun ƙare in ƙara da nawa.

Ranar da ruwan ya zo, da rana tsaka ya zo, da iska da tsawa, har ƙorama ta kawo. Muka hau tudu cikin yayyafi, kowane rami cike taf yana sheƙi, masu shuka da marasa shuka. Abin da ya mutu ya mutu, amma mafi yawa suka warware cikin ƴan kwanaki, kowane rami ya yi cunkus. Da lokacin cira ya yi, wato rage tsiron da ya yi yawa, Kaka ta ce kada mu yar da ko ɗaya. A jira ruwa na gaba, a cire da saiwa, a datse kan ganyen, a dasa a ramukan da ba su samu iri ba. Ga taki na jira a ciki, ga gara ta gama huda, ga laima. Ina durƙushe ina dashe a ramin da na taɓa kira kabari, kunya da murna suka haɗu suka rufe ni. Da na sauko na ce mata ashe abin da ta shirya ke nan tun farko. Ta ce ita ba ta shirya komai ba, ba ta ma san za ta ga damina ba, ta dai ga ba kyau a ce Mai bayarwa ya tashi bayarwa ya tarar ba a tanadi wurin zubawa ba.

Zangarniyar farko da ta nuna, na karyo na gasa tumu na kai mata a faifai. Haƙoranta ba sa iya komai a lokacin, cikinta ma ya daina karɓar abinci sosai. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta sunsuna, ta murza ƙwaya ɗaya a tafinta ta matso da ita kusa da ido. "Dubi abin ga, ko ƙuda ya hi shi," ta ce. "Amma kara na ciki, ganye na ciki, zangarniya na ciki, da ta baɗi, da ta jikokinki. Wa ka iya wanga naɗi?" Sai ta miƙa wa Sani, wanda ya riga ya kafa wa faifan ido. Ba mu cika rumbu ba a shekarar, amma mun ɗaure damin da ya kai mu, kuma kafin a taɓa ko ɗaya Inna ta cika tulu ta liƙe. Maƙwabta suka zo neman irin da ƙoƙo, ba wanda aka mayar hannu wofi. Baba ya dawo lokacin girbi ya tarar da mahaifiyarsa da rai. Da sanyin shekarar ta rasu.

Yau ina Tawa da iyalina, gero a tiya nake saye, ban san gonar da ya fito ba. In na je gida sai in ga tudun nan ya cika da tassa har inda ido ya ƙare, itatuwa sun fito a tsakani, yara ba su ma san an taɓa kiran wurin faƙo ba. Sani ne ke noma shi, ƙato mai ƴaƴa, da irin nan dai na cikin tsumma, kuma in na ce masa rabin tulu ya sha sai ya ce ai shi ya sa ya fi ni ƙarfi. Ƴaƴana sun fi Kaka karatu nesa ba kusa ba, suna da ƴar tasbaha ta latsawa a yatsa da wa'azi cike da waya, kuma ina gode wa Allah da haka. Amma ina kewar muryar nan mai karkarwa da ke tashi tare da diga, ta mutumin da ba abin da ke cikinsa sai ruwan anza, yana faɗa wa Ubangijinsa ko Shi wane ne. Na ga nawa ranakun tun daga lokacin, na yi jinyar miji, na binne ɗa, na ga shekarun da kasuwa ta gagari kowa. Har gobe ni tonka ce, nakan yi fushi, nakan yi tambayar da ba ta da amsa. Sai dai in abu ya fi ƙarfina ba na zama. Nakan nemi aikin da zan ɗaga in sauke, ko taɓarya ce ko tsintsiya, bakina kuwa ya san inda Kaka ta tsaya.